Darasi: Yadda Ake Zana Gonar Sola Ba Tare da An Kashe Ƙasar da Ke Ƙarƙashinta Ba



A bidiyon da ya gabata mun zagaya shagunan kayan sola da ke unguwar Naif, a tsohon garin Dubai, inda 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi ke sayen kaya su tura gida. Mun duba farantai, mun gwada inbata, mun yi maganar batir. Bayan fitar bidiyon, tambaya ɗaya ta yi ta dawowa daga wajenku: faranti biyu a kan rufin ɗaki ba matsala, amma idan aka shimfiɗa farantai dubu ashirin a fili, me zai faru da filin?

Wannan ba tambayar da za a amsa a bidiyon minti goma ba ce, shi ya sa na mayar da ita rubutu. Amsar a taƙaice: ba faranti ne ke kashe ƙasa ba, katafila ce, kuma tana gama aikinta tun kafin a ɗaura faranti na farko. Ko filin zai mutu ko zai rayu, a kan takardar zane ake yanke hukuncin. Tun ran gini, ran zane.

Ina ruwan injiniya da ƙasa?

Mu fara da girman filin. Tashar sola mai megawat 10 da ke Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a Janairun 2023, tana zaune a kan kimanin hekta 24. Kowane megawat ya ci hekta biyu da 'yan kai ke nan. Duk wanda ke mafarkin megawat 1,000 a Arewa, maganar filin da ya haura hekta 2,000 yake yi, kuma filin zai kasance a ɗaure shekara 25 zuwa 30, iya tsawon rayuwar farantan. A kewayen Kano, inda kusan kowane taku na ƙasa yana da mai shi, wannan gonakin ɗaruruwan gidaje ne.

Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce kafin a samu ƙasar sama mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ana iya ɗaukar shekara 1,000. A wannan ɓawon na sama ne taki yake, da irin ciyayi, da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye. Gireda na kwashe shi a wuni ɗaya.

Ko da ba ruwanka da noma, akwai dalilai biyu na wuta zalla.

Na farko ƙura. Ƙasar da aka kankare ita ce masana'antar ƙura mafi kusa da farantinka. Gwaje-gwajen da aka yi a Doha ta ƙasar Katar sun nuna farantin da ba a gogewa yana asarar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wutarsa a kowace rana. Mu ƙaddara tasha mai megawat 10 na ba da awoyin megawat 17,000 a shekara. Ƙura ta ci kashi 5 cikin ɗari kacal, ka yi asarar awoyin megawat 850 ke nan, duk shekara.

Na biyu zafi. Alƙaluman da ke bayan faranti an auna su ne a digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, faranti na rage kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A tsakar ranar watan Afrilu faranti na iya kai wa digiri 65, asarar kashi 12 zuwa 16 ke nan. Ƙasa mai ciyawa tana fitar da danshi, iskar da ke ƙarƙashin faranti ta ɗan yi sanyi. A binciken da ayarin Greg Barron-Gafford na Jami'ar Arizona ya wallafa a 2019, farantan da aka yi shuka a ƙarƙashinsu sun fi na tsurar ƙasa sanyi da kusan digiri 9 da rana. Ka ga kula da ƙasa ba alfarma ba ce ake yi wa muhalli, wani sashe ne na aikin tashar.

Dubai: abin ɗauka da abin bari

Wani kaso na wutar da ke kunna na'urorin sanyaya shagunan Naif yana fitowa ne daga katafariyar tashar Mohammed bin Rashid Al Maktoum da ke Saih Al-Dahal, kimanin kilomita 50 kudu da gari. Hukumar wuta da ruwa ta Dubai, DEWA, ta fara ta da megawat 13 a 2013, aka ƙara 200 a 2017, sai 800, sai 950, sai 900, kuma ana ta ƙari. A nan ne hasumiyar tara zafin rana mai tsawon sama da mita 260 take.

Mutum zai ce ai hamada ce, ba komai a wurin. Ba haka ba ne. Tashar na maƙwabtaka da gandun kare halittu na Al Marmoom, wanda aka ƙaddamar a 2018, girmansa kusan kashi 10 cikin ɗari na faɗin masarautar. Akwai mariri, akwai barewa, akwai tsuntsaye masu ƙaura, akwai wani ƙadangare mai ƙayar jela da Larabawa ke kira dabb, wanda ke haƙa rami ya zauna. Akwai kuma bishiyar ghaf, bishiyar ƙasa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda doka ta hana sarewa ba izini. Hatta tsakuwar da ke shimfiɗe a saman hamada aiki take yi: ita ke danne lallausar ƙasa. Taya ta fasa ta, iska ta samu abin ɗauka.

Abin da za mu ɗauka daga wajensu shi ne tsimin ruwa. Dubai na samun ruwan sama kimanin milimita 100 ne a shekara, saboda haka wanke miliyoyin farantai da ruwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. A tashar Noor Abu Dhabi da ke Sweihan, mai megawat 1,177 da farantai miliyan 3.2, mutum-mutumi ne ke bin layi suna share ƙura da buroshi, ba ruwa ba sabulu.

Abin da ba za mu kwafa ba shi ne tunanin cewa fili kyauta ne. Su ba su tashi manomi ba kafin su kafa tasha. Mu kuwa a Kano, Katsina ko Maraɗi, kusan duk inda ka sa yatsa a taswira gonar wani ce, ko makiyaya, ko burtali. Wanda ya kwafo zanen hamada ya dasa a Dawakin Kudu, garin neman gira zai rasa ido.

Mataki na ɗaya: zaɓen wuri

Rabin aikin a nan yake. Jerin da nake bi, daga wanda ya fi dacewa zuwa wanda za a guje wa:

1. Wurin da aka riga aka gina: rufin masana'antu, rumfunan kasuwa, wurin ajiye motoci.
2. Ƙasar da ta riga ta lalace: faƙo, tsohon wurin haƙar ƙasa ko ma'adinai, tsohuwar bola.
3. Gonar tudu mai rauni, da sharaɗin za a ci gaba da noma ko kiwo a ciki.
4. Inda ba a taɓawa: fadama, bakin kogi, kurmi, maƙabarta, burtali da mashayar dabbobi.

Fadama tana ruɗar masu zane saboda shimfiɗaɗɗiya ce. Amma ita ce ke ciyar da mutane da rani, kuma dausayi irin na Haɗeja zuwa Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai.

Misalin abin da rashin bincike ke jawowa yana Ivanpah, a hamadar Mojave ta Amurka. An fara gini, sai aka tarar kunkurun hamada da ke filin sun fi yadda aka ƙiyasta yawa nesa ba kusa ba, har aka dakatar da wani sashe na aikin a 2011. Bayan buɗe tashar a 2014 kuma, tsuntsaye suka riƙa ƙonewa a hasken da madubai ke tarawa a kan hasumiya. A lura, wannan matsalar hasumiyar zafi ce, farantin da muka sani ba ya ƙona tsuntsu. Darasin dai shi ne a binciki fili sau biyu, da damina da kuma da rani, domin abin da ke raye a watan Agusta ba ya bayyana a watan Maris. Kuma a tambayi dattawan wurin: ina ruwa ke kwanciya, ta ina shanu ke bi? Sun fi kowane tauraron ɗan'adam sanin amsar.

Mataki na biyu: kar a kankare

Ɗan kwangila yana son fili sumul kamar faranti saboda aikinsa ya yi sauri. Amma ƙarafan zamani ba sa buƙatar haka. Turakun ƙarfe da ake kafawa da inji ana iya bambanta tsayinsu su bi hawa da gangarar ƙasa. A rubuta waɗannan a cikin takardar kwangila, ba a baki ba:

- A sare ciyawa daga sama, a bar saiwa a ƙasa. Ba a shigo da gireda sai inda za a yi hanya da ɗakin inbata.
- Turakun da ake bugawa ko murɗawa cikin ƙasa, maimakon kankare. Ranar da tasha ta gama aiki, a zare su a tafi.
- A shata hanyar motoci tun ranar farko, kowa ya bi ta. Yawancin danƙarewar ƙasa a wucewar farko take faruwa, saboda haka gara mota ɗari ta bi layi ɗaya da mota ɗaya ta bi layi ɗari.
- Aiki mai nauyi da rani. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi saurin danƙarewa, kuma idan ta danƙare ruwa ba ya shiga.
- Wajen haƙa ramin waya, ƙasar sama a gefe guda, ta ƙasa a ɗaya gefen. Wajen mayarwa, kowace ta koma mazauninta.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tashar Gemini mai megawat 690 da ke kusa da Las Vegas, a cikin hamadar Mojave ɗin dai, an gina mafi yawanta ba tare da an kankare ƙasa ba, aka bar saiwoyin tsirrai a inda suke domin su sake tohowa.

Mataki na uku: tazara da tsayi

To, a ɗauko kalkuleta. A nan ne akwai wani tarko da ya shafe mu musamman.

Ana barin tazara tsakanin layuka ne don kar layin gaba ya yi wa na baya inuwa. Ranar da inuwa ta fi tsawo a wajenmu ita ce wajen 21 ga Disamba. Tsayin rana da tsakar wannan rana shi ne: 90, a cire layin da garin yake a kai daga tsakiyar duniya, a sake cire 23.5.

Dubai tana kan digiri 25: 90 − 25 − 23.5 = 41.5.
Kano tana kan digiri 12: 90 − 12 − 23.5 = 54.5.

Mu ɗauki teburin farantai mai faɗin mita 4 daga baki zuwa baki. A Dubai a karkata shi digiri 24, a Kano digiri 12.

Dubai: bakin sama ya fi na ƙasa tsayi da 4 × sin 24 = mita 1.63. Tsawon inuwa: 1.63 ÷ tan 41.5 = mita 1.84.
Kano: 4 × sin 12 = mita 0.83. Tsawon inuwa: 0.83 ÷ tan 54.5 = mita 0.59.

A aikace ana ƙara wani abu saboda inuwar safe da ta yamma, amma ka ga inda maganar ta nufa. A Jamus ko Ingila, rana ce da kanta ke tilasta wa injiniya ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka, ciyawa ta samu haske ko bai yi niyya ba. A Kano rana ba ta tilasta maka komai. Manhajar zane za ta ce maka ka matse layuka, tazarar mita ɗaya ta isa. Idan ka bi ta, ka yi wa gona rufin kwano: ƙarƙashi duhu, ba ruwa, ba tsiro. A wajenmu tazara zaɓi ce, sai ka yi ta da gangan.

Teburin nan na Kano yana rufe mita 3.9 na ƙasa. Idan daga turken layi zuwa na gaba mita 5 ne, filin da ya rage mita 1.1 ne, hanyar mai shara kawai. Idan ka mayar da shi mita 8, ka samu mita 4.1, garmar shanu za ta wuce, a yi kunyoyin wake ko gyaɗa. Farashinsa: fili ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, waya ma ta ƙaru. A kan faƙo mai araha wannan ba komai ba ne. A kan gona kuwa, wannan ƙarin filin bai fita daga hannun manomi ba.

Sai tsayi. A yankin Talatan na lardin Qinghai a ƙasar Sin, an kafa farantai a busasshen fili, sai inuwa da raguwar iska da ruwan wanki suka sa ciyawa ta tsiro har ta fara rufe farantan. Aka kira makiyaya suka shigo da tumaki, aka ɗaga farantai daga santimita 50 zuwa 120 don tumakin su wuce. Tumakinmu, musamman Balami da Uda, dogaye ne, saboda haka kar bakin ƙasa ya gaza mita ɗaya da 'yan kai. Idan mutum ne zai yi noma a ƙarƙashi, sai mita biyu zuwa sama. A gonar gwaji ta Heggelbach a Jamus, a 2016, mita biyar suka ɗaga don motar girbi ta shige.

Mataki na huɗu: ina ruwan zai tafi?

Faranti rufi ne marar indararo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Teburinmu na rufe mita 3.9, saboda haka ruwan milimita 50 na dare ɗaya a watan Agusta zai zubo da lita 195 a kan kowace mita ta bakin tebur, duk a kan siririn layi guda. A damina mai milimita 800, sama da lita 3,000 ke nan. Duk wanda ya ga ramin da ruwan kwano ke haƙawa a gindin katanga ya san abin da zai biyo baya. Layin ya zama kwari, kwarin ya tone gindin turke.

Kar a ce sai inda ake ruwa da yawa. Ranar 16 ga Afrilun 2024 an yi ruwan da ba a taɓa auna irinsa a Daular ba tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1949. A wani yanki na Al Ain an auna milimita 254 cikin ƙasa da awa 24, titunan Dubai suka koma tafki. Ana zane ne don ranar da ruwa ya fi ƙarfi, ba don matsakaicin shekara ba.

Maganin ba shi da tsada. A bar tsaga ta santimita biyu tsakanin faranti da faranti, ruwa ya zuba ta layi biyu ko uku maimakon ɗaya, ƙarƙashin tebur ma ya samu rabonsa. A layin ɗigar, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa ko a zuba tsakuwa. Sannan a riƙe ruwan a cikin filin maimakon a kore shi ta lambatu zuwa gonar maƙwabci.

A nan ba mu buƙatar malami daga waje. Manoman Illela da kewayen Tawa a Nijar sun farfaɗo da faƙo ta hanyar tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su tara ruwa, da kuma ramuka masu siffar rabin wata da ake haƙawa a kan gangara. Jera irin waɗannan a ƙasan layin ɗiga, faranti ya zama mai tara maka ruwa: abin da ya sauka a kan mita huɗu ya taru inda shuka take.

Mataki na biyar: me za a shuka, wa zai ci?

Ƙa'idar ita ce gajere, ɗan gida, mai jure fari. Kiri-kiri na shimfiɗuwa ya riƙe ƙasa. Wake da gyaɗa gajeru ne, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga harawa. Jema na da saiwa mai zurfi, ta dace da bakin kwari da iyakar fili. Gero, dawa da masara kuwa sun yi tsawo, kuma suna son rana sosai, ba wurinsu ba ne. Gamba da kyasuwa ma a kiyaye su kusa da farantai: suna yin tsawo, kuma idan suka bushe makamashi ne.

Inda akwai ruwan ban-ruwa, kayan lambu na jin daɗin inuwa. A binciken Arizona da na ambata, wani nau'in barkono ya ba da ninki uku a ƙarƙashin farantai, tumatir ya ba da ninki biyu. Wurin mai zafi ne kuma busasshe, shi ya sa sakamakon ya ja hankalina, amma ba hujja ba ce cewa haka za a samu a Kadawa. Sai an gwada da irinmu, a ƙasarmu. Tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, ga ta ga tsangayar aikin gona a harabar jami'a ɗaya. Ɗalibin da ke neman batun bincike, ga shi nan a ƙofar gida.

A bar wasu layuka ko gefen fili don furannin daji. A jihar Minnesota ta Amurka, masu bincike na cibiyar Argonne sun bi tashoshi biyu da aka shuka wa tsirran gida daga 2018 zuwa 2022. Yawan ƙwari ya ninka sau uku, ƙudan zuman daji kuwa sama da sau ashirin, kuma suna shiga gonakin waken suya da ke maƙwabtaka. Maganin kashe ciyawa yana rusa duk wannan, ya kuma mayar da kai kan tsurar ƙasa mai ƙura.

Wa zai rage ciyawar? Tumaki. Ba awaki ba: akuya za ta hau faranti, ta kuma tauna waya. Shanu kuma suna soshe jiki da ƙarfe. A raba filin gida-gida, a riƙa juya tumakin don kar su cinye wuri ɗaya har saiwa. Yarjejeniya da masu kiwon ƙauyen na rage kuɗin yankan ciyawa, kuma mutumin da ragon layyarsa ke kiwo a cikin tasha ba zai zuba ido a sace wayarta ba.

Mataki na shida: shinge da bishiyoyi

Shinge dole ne saboda ɓarayi da kuma haɗarin wuta. Amma a bar ƙananan ƙofofi a ƙasa, kamar santimita 15 zuwa 20, a wurare daban-daban. Bushiya, zomo da kurege za su wuce, mutum ba zai iya ba. Idan tashar babba ce, a raba ta gida biyu ko uku a bar hanya a tsakani. Toshe burtali kuwa neman rigima ne da hannunka: shanun da suka rasa hanya gonar wani za su faɗa.

Bishiya fa? Ɗan kwangila zai ce a sare duka. Mu yi lissafi. Gawo mai tsawon mita 15 a kudancin farantai, a Disamba inuwarsa ta tsakar rana 15 ÷ tan 54.5, kusan mita 11. Idan a arewa yake, sai tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta ne rana ke komawa arewa da Kano, kuma a lokacin tana can sama, digiri 78.5 a watan Yuni, inuwar mita 3 kacal. Ƙari a kan haka, gawo da damina yake zubar da ganye. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Wato gefen da bishiya ta fi ƙarancin cutar da faranti shi ne gefen da aka fi buƙatar ta tare iska. A dai ba ta tazara saboda inuwar safiya.

Layin bishiya ba zai hana hazon da ke tasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ba, wannan daga sama yake sauka. Abin da yake tarewa shi ne yashi da ƙurar kusa. An ga amfanin haka a kwarin Majiya na Nijar, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975. Ba ma lallai sai an sayi dashe ba. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ya nuna cewa kututturen da ke cikin ƙasa yana da rai: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar. A gefen tasha, kalgo da sabara da gawo za su dawo da kansu, in dai gireda ba ta tumɓuke su ba.

Inda gizo ke saƙa

Kar in sayar muku da abin kamar ba shi da aibu. Ɗaga faranti na cin ƙarfe, kuma iska ta fi samun abin turawa, sai an ƙara zurfin turke. Busasshiyar ciyawa haɗarin gobara ce, dole a rage ta kafin hunturu a kuma share layin kariya a kewaye. Ciyawa na kawo ɓera, ɓera na cin waya, maciji na bin ɓera, saboda haka wayoyi su shiga bututu ko a ɗaure su sama. Sannan farantai masu fuska biyu, waɗanda ke karɓar haske ta baya, sun fi samun haske daga farin yashi fiye da koren ganye. Wannan asara ce ta gaske, ko da yake ɗaga faranti sama na ƙara hasken da bayansa ke samu.

Akwai kuma maganar haƙƙi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili, diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi ya karɓi kuɗin amfanin da ke kai, ya rasa gonar da ya gada. Zanen da ya bar masa wurin noma da kiwo, tare da rubutacciyar yarjejeniyar wanda zai kwashe ƙarafa ya gyara fili idan wa'adi ya cika, shi ne bambancin tashar da gari ke karewa da wadda gari ke jin haushi.

Aikin gida

Abu uku, duk da waya ko kwamfuta za a yi su.

Na ɗaya, buɗe Google Earth Pro, nemo tashar sola mafi kusa da kai: Challawa, Jami'ar Bayero, Malbaza, ko Gorou Banda kusa da Yamai. Ja ma'aunin lokaci baya ka ga yadda filin yake kafin gini. Ƙirga bishiyoyin da ke nan da waɗanda suka ɓace.

Na biyu, shiga Copernicus Browser, kyauta ne. Hotunan tauraron Sentinel-2 na nuna kowace mita 10 a matsayin ɗigo ɗaya. Zaɓi ma'aunin kore da ake kira NDVI, ka kwatanta cikin tashar da gonar da ke gefenta a watan Satumba.

Na uku, samo babban gwangwanin tumatir, ka cire samansa da ƙasansa. Kafa shi cikin ƙasa zurfin santimita 5, zuba kofi ɗaya na ruwa, ka danna agogon waya har ruwan ya shanye. Yi haka a kan hanyar mota, sannan a ƙarƙashin gawo ko cikin ciyawa. Bambancin mintunan da za ka gani shi ne danƙarewar ƙasa da muka yi magana a kai.

Wanda ya yi, ya turo mana alƙalumansa da sunan garinsa da irin ƙasar wurin, jigawa ce ko laka. Idan sun taru za mu jera su a tebur ɗaya mu duba tare. A darasi na gaba kuma za mu ɗauki tebur mai bin rana mu kwatanta shi da kafaffe: wanne ya fi ba da wuta a layin digiri 12, kuma wanne ya fi raba wa ƙasa haske da ruwa.

Sai mun haɗu. Allah Ya ba da sa'a.